Awarwaron da Bai Yi Ja Ba

Shekara uku ke nan da Hindatu ta jagoranci zanga-zangar da ta sa jami'a ta raba wa kowace ɗaliba awarwaro. Kore ne, amma da zarar tsoro ya kama mai shi sai ya koma ja, ya zauna a haka, kwamitin ladabtarwa ya buɗe bincike.

Yau da hantsi tana ofishin ƙungiyar ɗalibai, wata 'yar aji ɗaya, Ramlatu, ta faɗo ko sallama babu.

"Yaya Hindatu, ƙara na kawo. Malamin da ke duba aikina ya kulle ƙofa, ya riƙe ni. Da ƙyar na ƙwace."

Hindatu ta kamo hannunta. Ga shatin yatsu a fata, amma awarwaron kore shar.

"Bai yi ja ba?"

"Ni ban ji tsoro ba, Yaya. Haushi na ji. Har cizonsa na yi."

Tare suka je wurin sakataren kwamiti. Ya dubi awarwaron, ya ce cikin ladabi, "Ku yi haƙuri. In bai yi ja ba, a doka babu abin da ya faru. Ai da ke aka rubuta ta, Hindatu."

A bakin matakala Ramlatu ta tsaya tana murza awarwaron.

"Ya ce in kawo aikin gobe ƙarfe goma. To, Yaya, in koma ne har sai na ji tsoro?"

Hindatu ta sunkuyar da kai, ta dubi koren awarwaron da ke nata hannun.