Kilim Ɗin Motar Idirisa

"Gas na nan cike, injin ma lafiya lau," in ji Mati bakanike, yana share zufa.

"To me ya hana sanyi fitowa?" Idirisa ya tambaya.

Karo na uku ke nan da ya kawo motar garejin nan na Zariya saboda kilim, wato na'urar sanyaya mota. Domin mahaifiyarsa ya saye ta. Kowane mako yakan ɗauko tsohuwar daga Tsibiri zuwa gidan likita, kuma likita ya ce zafi na tayar mata da hawan jini. Ga ta nan a kujerar gaba, zufa ta jiƙa mayafinta.

Mati ya kwance murfin kafar iskar, ya zura hannu. Sai ga tsumman atamfa. Ya sake zurawa, wani ya fito.

Idirisa ya duba, ya gane zanen mahaifiyarsa ne.

Tsohuwa ta kawar da kai, don ba ta taɓa yi wa ɗan farinta magana kai tsaye ba.

"Bakanike, gaya ma mai motar nan sanyin na cin ƙashina. Ni ba ni iya ce mashi ya kashe abin da ya saya domina."