Kason Laifin Mai Awara

Lauya Agatsuma ya ɗaga hular kwano sama, sabuwa fil, yana juya ta don alƙali ya gani. Ba ta marigayin ba ce. A kanti ya sayo ta, wai don kotu ta ga abin da tsohon ya ƙi sakawa a kansa.

Fumie tana bencin baya, jakarta a cinya. An ce mata ba dole ba ne ta riƙa zuwa, amma ko zama ɗaya ba ta taɓa tsallakewa ba. Ta san marigayin, Genzo Tsurumaki, fiye da duk masu baƙaƙen kwat ɗin nan. Shekara ashirin tana sayen awararsa. Kullum da safe yana zagaye unguwa a kekensa yana busa ɗan ƙahonsa, in ka fito da kwano ya ƙara maka gutsure, ya ce na kyanwa ne, ko da ba ka da kyanwa.

Ranar tara ga watan Mayu, da ƙarfe shida da rabi na safe, mota ta kwashe shi a mararrabar da ke gaban gidan wanka na unguwa. Ba na'urar ɗaukar hoto a wurin, ba kuma wani mai wucewa. Ɗansa Naoya ne ya shigar da ƙara, kuma ya faɗa wa alƙali tun ranar farko cewa ba diyya ce ta kawo shi ba, so yake a rubuta cewa mahaifinsa bai keta jar wuta ba.

To, a nan Agatsuma, lauyan kamfanin inshorar motar, ya sami aikin yi. Wata takwas Agatsuma yana tonon mamaci. Ya kawo takardar likitan ido mai cewa tsohon yana da yanar ido. Ya auna akwatin awara ya ce lodin ya fi ƙarfin keke. Har matar da ke sayar da giyar shinkafa a lungu ya gayyato, ta rantse cewa Genzo ya sayi ƙaramar kwalba jajiberin ranar. Ƙaramar kwalbar da yake zubawa a gaban hoton marigayiya matarsa duk ƙarshen mako! Fumie ta san haka, rabin unguwa ma sun sani.

Abin da ya fi ci mata rai shi ne ladabin mutumin. Kafin ya jefi tsohon da kowace magana sai ya juya wajen Naoya ya rusuna, ya ce yana taya iyali baƙin ciki. Sannan ya gyara tabarau ya ci gaba da yanka.

"Ranka ya daɗe, motar tana kan hannunta, wutarta kore ce," in ji shi. "Dattijo ɗan shekara saba'in da huɗu, ido ba lafiya, kaya niƙi-niƙi. Ba ma zarginsa, Allah ya sani. Tsufa ne."

"Ƙarya kake yi!" Naoya ya miƙe. "Babana ko titi ba kowa sai ya tsaya ya jira wuta. Yara ma dariya suke masa!"

Alƙali ya ce ya zauna, ya zauna.

Gaskiya Naoya ya faɗa, Fumie kuwa ta fi kowa sani. Sau nawa ta ga tsohon tsaye shi kaɗai a wannan mararraba, ƙafa ɗaya a ƙasa, yana jiran wuta kamar mai jiran sarki ya wuce? Bakinta ya buɗe. Ta tuna 'yarta da za a ɗaura wa aure a lokacin kaka, da aikinta a ɗakin girkin makaranta, da yadda unguwa take yi da sunan mutum in ya shiga bakin kotu. Ta rufe bakin.

Duk tara ga wata takan je gidan Tsurumaki da turaren tsinke da kwalin alewa, kamar yadda ya kamata. Ta durƙusa gaban hotonsa, ta kunna turare, ta haɗa hannu. Naoya yakan buɗe mata ƙofa ya koma ciki, ba shayi, ba sannu. Takan dawo gida a bas, ta wanke hannu sau biyu, ƙamshin bai fita ba.

Hukunci bai ɗauki minti biyar ba. Kotu ta gamsu cewa mai keke ne ya shiga mararraba a kan jar wuta, don haka kashi saba'in cikin ɗari na laifin mutuwarsa yana wuyansa. Haka aka yanka ran mutum kashi-kashi kamar awara a faranti, aka miƙa wa mamaci babban yanki, tunda shi ba zai yi musu ba.

Naoya bai yi kuka ba. Ya tattara takardunsa, ya rusuna wa alƙali, ya bi ta gefen bencin Fumie ya fita bai dube ta ba.

A baranda Agatsuma ya cim mata, yana murmushi, hular kwanon a hammata.

"Uwargida, barka da arziki! Ai na gaya miki tun farko, ki kai turarenki, ki rusuna iya rusunawa, amma kada ki ce uffan. Kin ga amfanin shiru."

Fumie ta dubi haƙoransa. Ta rusuna ta ce ta gode, domin a duk faɗin duniya ita kaɗai ta ga wutar nan ja wur a gabanta da safiyar nan, lokacin da ta ƙara taka totur ɗin motarta.