Jikan Da Ya Zo Na Ɗaya

"Kar ki taɓa min ƙafa!" tsoho ya daka wa likitar tsawa. 'Yar maƙwabcinsa ce, ya san da ƙyar ta samu shiga makarantar likitanci, sunanta can ƙasan takardar waɗanda aka ɗauka.

Ya ja tsaki. "Ni da ban san bihim ba na ga bayan cuta bakwai, sai kurar baya irinki za ta sa min wuƙa? Kira min jikana, shi ya zo na ɗaya a shekararku!"

"Baba, ƙafar nan ba za ta kai gobe ba." Ta dubi mai tura gadonsa. "Kai za ka faɗa masa ko ni?"

Mai tura gadon ya sauke takunkumin fuskarsa.

"Kaka, tun aji uku aka kore ni. Miƙa mata ƙafar."