Garantin Da Zai Ƙare Ranar Juma'a

Karo na huɗu ke nan a mako guda da Mai Zane ya dawo daga duba gini ya tarar kwamfutarsa ta mutu, jikinta zafi rau kamar dutsen guga. Zanen bene mai hawa uku da ya bar mata tana haɗawa ya tsaya a rabi. Mai benen ya ce Asabar zai karɓa, garantin na'urar kuma Juma'a zai ƙare.

Ga inda gizo ke saƙa: wata biyu da suka wuce, Mai Zane da karambaninsa ya ƙara wa furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, gudu fiye da yadda kamfani ya ƙayyade. Ya rubuta matakan a takarda, Innarsa, tsohuwar mai buga tafireta, tana karanto masa yana dannawa. Da na'urar ta fara huci sai ya tsorata ya mayar da komai yadda yake, don kamfani in ya gano an taɓa gudun, ko kallon takardar garanti ba ya yi.

Ya kai ta wurin mai gyara. Mutumin ya kakkaɓe ƙura, ya shafa sabon man sanyaya, ya leƙa saiti, sannan ya dube shi ta saman tabarau.

"Malam, ai gudun nan a sama yake."

"Na sauke shi da hannuna!"

"To aljanun gidanku sun mayar."

Aka sauke. Washegari ta sake mutuwa, gudun kuma ya koma sama, har ya ɗara na jiya. Mai Zane ya tuhumi matarsa, ta ce ita ko ƙurar abin ba ta gogewa tun ranar da ya yi mata tsawa a kai. Ya nemi takardar matakan ya ƙona, ya rasa inda ta shiga. Haushi ya hana shi cin abinci, har ya fara yi wa na'urar magana kamar mutum.

Inna kaɗai ke da kwanciyar hankali a gidan. Tun da ta mayar da kujerarta ɗakin aikinsa, wai ya fi haske, ta daina neman ruwan zafi na gasa gwiwa, har kasuwa take zuwa ba sanda. Ta ce masa ya yi haƙuri, na'ura mai albarka irin wannan ba a rabuwa da ita da garaje.

Ranar Juma'a ya yanke shawara: zai sauke gudun, ya kai ta kamfani, ya yi fuskar marar laifi, in Allah ya rufa asiri a musanya masa. Ya baro wurin gini tun hantsi, abin da bai saba yi ba.

Tun daga ƙofar gida yake jin kukan fankar na'urar. Ya tura ƙofar ɗakin a hankali. Inna na zaune gaban allo da tabarau, takardarsa a hannu, gwiwoyinta biyu daf da ramin da iskar zafi ke fita, ta lulluɓe su da na'urar duka cikin bargo guda.

"Yauwa, gara da ka zo," in ji ta. "Nuna min yadda ake ƙara gudun ya wuce biyar da ɗigo biyu, don ɗumin bai gama ratsa gwiwar hagun ba na'urar take mutuwa."