Wuyan Kendrell

Yau kwana uku ƙungiyoyin ƙwallon zari-ruga na Amurka na zaɓen sababbin 'yan wasa daga jami'o'i, wayar Kendrell ko tari ba ta yi ba. Ga shi masu hasashe duk a sahun farko suka sa shi.

Soyayyar kaza har ta huce a falonsu na Birmingham ta Amurka. Kawu Otis ya daki tebur. "Wani munafuki ne ya tsegunta musu ciwon wuyan yaron nan! Ya kuka da kansa ranar da na gano shi."

Loretta, mahaifiyar Kendrell, maganar likita take tunawa: in ɗanta ya yi karo mai ƙarfi sau ɗaya a filin wasa, ba zai sake tafiya ba.

Sai wayar ta ɗau ƙara. Kendrell ya buɗe muryar wayar don kowa ya ji.

"Kendrell, sabon kocinka ne. Mun ɗauke ka!"

Falon ya kaure da ihu.

"Ka gaida mahaifiyarka," in ji kocin. "Babu ƙungiyar da ba ta buga wa waya ba kan wuyanka. Mu kaɗai muka ce za mu gwada."

Ihun ya ɗauke ɗif.

Kendrell ya juyo a hankali. "Mama?"

Ita kuwa wuyansa take kallo.