Jan Famfo a Jirgin Alhaji

Farfelar ta juya, injin ya yi tari, ya feso mai ta salansa, ya mutu. Makaniki ya goge fuska da hannun riga, ya leƙa cikin ɗan jirgin, sai ga jan famfon man nan ya dawo mazauninsa.

Jirgin wasa ne, fikafikansa ba su wuce tsawon hannu biyu ba, amma ya hana Makaniki sakat. Kafuretarsa ƙarama ce, mai kaɗan take so, a hankali. Farin famfo ne daidai da ita. Jan kuwa na babban inji ne, tura mai yake ba ji ba gani, har kafuretar ta shaƙe, fulogi ya jiƙe. Duk zuwan da Makaniki zai yi sai ya cire jan ya ɗaura fari, ya daidaita allurar kafureta, injin ya yi ta kuka lafiya lau. Da an kwana biyu sai waya ta zo cewa jirgi ya ƙi tashi.

Alhaji, mai jirgin, yana zaune a ƙofar garejin riƙe da sandarsa, ya cika yana batsewa. Tsoho ne mai zafin rai, tun da ya bar aiki ba shi da abin yi sai jirage da faɗa. 'Ya'yansa mata duk sun yi aure, in kuwa an tambaye shi ɗa namiji sai ya ce ba shi da shi, ya sauya magana. Ya dubi man da ya zuba a siminti, ya shiga zazzaga masifa, ta inda yake shiga ba ta nan yake fita ba. Wai makanikan zamani sai baki, wai gara ya kira mai facin taya.

Zuciyar Makaniki kuwa tafasa take. A filin bayan gari, inda masu tashin ƙananan jirage ke haɗuwa ƙarshen mako, an fara yi masa dariya. An laƙaba wa jirgin Alhaji suna Kaza, tunda ga fikafikai ba tashi. Mutum biyu har sun ɗauke injinansu daga shagonsa. Sunansa ne ke zubewa, a kan laifin da ba nasa ba.

Ya zargi kowa da mayar da jan famfon. Ya tsare direban gidan, direba ya rantse ko sukudireba bai iya riƙewa ba. Ya je wurin mai sayar da kayan gyara ya yi masa tas, mutumin ya ce shi dai wanda ya zo saye yake sayar wa, ya kawar da kai yana murmushi. Maƙwabcin Alhaji da ke ƙorafin ƙarar injin ma bai tsira ba, har suka daina gaisawa.

Ranar ma Hajiya, matar Alhaji, ta aiko masa da abinci gareji, kamar kullum, ba yaji, yadda yake so. Ta tsaya bayan labulen taga tana kallonsa har ya cinye. Wannan ma ƙara masa haushi yake, don ba ci ne ya kawo shi ba.

Ya jawo durowa ta ƙasa, wadda sai an ɗan ɗaga ta take buɗewa, ya ɗauko farin famfo. Ya ɗaura, ya sauya tiyo, ya busar da fulogi. Bugu ɗaya injin ya kama, ya yi ta rangaɗa kuka har gilashin taga na rawa. Ya kashe shi ya miƙe.

"Alhaji, wannan ne zuwana na ƙarshe," ya ce. "Jirgi ya gyaru. Gobe a kai shi fili ya tashi, kowa ya gani, shi ke nan na huta."

Alhaji ya ce Allah ya raka taki gona, yana murza yatsunsa a jikin riga. Rigar duk ɗigon mai ne, duk da ya ce tun safe bai taɓa jirgin ba.

Makaniki ya hau babur a fusace. Sai da ya kai bakin titi ya tuna ya bar filayarsa a kan tebur. Ya so ya bar ta, amma ya ga ba dalilin da zai sa ya yi wa gidan kyautar ko ƙusa. Ya juyo, ya bi ta ƙaramar ƙofar baya, ya tsallake matakalar nan mai girgiɗi ba tare da ya duba ƙasa ba.

Alhaji na durƙushe gaban jirgin, tabarau a kan hanci. Ya riga ya cire farin famfo, yana fama da tiyon jan, wanda ya ƙi shiga. Aljihunsa ya yi nauyi, wani jan famfon sabo fil yana leƙowa cikin ledarsa.

Makaniki ya ji kamar ya rushe garejin. Ya ce ashe shi ne, ashe duk watannin nan shi ke mayar da shi abin dariya a fili, ya raba shi da abokan ciniki, ya sa ya ci mutuncin bayin Allah. Ya tambaye shi me ya yi masa da zafi haka.

Tsohon bai ɗago ba. Ya ajiye tiyon, ya cire tabarau yana gogewa da bakin riga, ya daɗe yana gogewa.

"In ya tashi, da wane dalili zan sake kiranka?" ya ce. "Na rantse a gaban uwarka ɗana ba zai ƙara taka gidan nan ba. Ban rantse a kan makaniki ba."