Wata Biyu Kacal

Uban yana tsaye lokacin da likita ta ɗago kai daga ma'auni. "Shekara bakwai da wannan ƙiba? Wata nawa ya sha nono?"

"Biyu," in ji uwar.

"Haba baiwar Allah! Ai nonon uwa yana rage wannan haɗarin."

Yaron, wanda 'yan ajinsu ke kira Buhu, ya dube ta yana haki. "Umma, ƙi na kika yi?"

"Laifina ne, ɗan albarka."

Uban ya sunkuyar da kai. Shi ne ya raba jaririn da ƙirjinta, ya ɗora shi kan madarar gwangwani, saboda abokansa sun ce ɗansa kamar tsinke. Mako guda ta yi tana kuka, nono yana jiƙa mata riga.

Yaron ya zare hannunsa daga nata, ya kama na ubansa.